Fatalwa Da Aljanun Gada A Ƙasar Illo

Duk wanda aikin gwamnati ko neman abinci ya taɓa kai shi ƙasar Illo ya san ba a isa garin daga wajen Birnin Kebbi sai an ƙetare ruwa. Illo tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a ƙetaren kogin Kwara, watau kogin da 'yan makaranta suka fi sani da sunan Neja. Daga nan kuwa tafiya kaɗan ce mutum ya taka ƙasar Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahomi kafin shekarar 1975. Matafiyi zai bi ta Bagudo ya hau gadar Tuga, bayanta kuma ga ƙananan gadoji da kwalbatoci barkatai a kan rafuka da fadamun da suke malala cikin babban kogin. Da rana babu mai kula da su. Amma da zarar almuru ta yi, sai ka ji fasinja yana ce wa direba ya yi bisimilla kafin ya hau, wata tsohuwa kuma ta tsawata wa jikanta ya bar leƙen ruwa.

Labaran da ake bayarwa a tashoshin mota na wannan yanki ba su bambanta ƙwarai da waɗanda ake ji a sauran ƙasar Hausa ba. Wanda ya fi yawo shi ne na mace mai fararen tufafi da take tsayawa a bakin gada cikin dare tana ɗaga hannu. In direba ya tsaya ya ɗauke ta, kafin ya kai ɗaya ƙarshen sai ya waiwaya ya ga wayam, babu kowa a kujera sai danshin ruwa. In kuwa ya ƙi tsayawa, wai sai ya sake ganinta a gabansa, ya kauce don kada ya buge ta, ya faɗa rafi. Akwai na motar da take mutuwa a tsakiyar gada ba gaira ba dalili, ba ta tashi sai an tura ta zuwa tudu. Akwai kuma na hayaniyar kasuwa da kaɗe-kaɗe da ake ji daga ƙarƙashin ruwa, ko kukan jariri a gindin ginshiƙi. Abin lura shi ne da wuya a sami wanda zai ce shi abin ya faru da shi. Kullum wani direba ne, abokin wani yaron mota, wanda tuni ya bar sana'ar.

Masu ba da labarin sukan haɗa fatalwa da aljani su yi musu kuɗin goro, alhali a wurin Bahaushe ba abu ɗaya ba ne. Fatalwa ita ce kurwar mamaci da aka ce ta dawo tana yawo, galibi don mutuwar ta zo farat ɗaya, ko an zalunci mai ita, ko ba a sami gawarsa an yi masa sutura ba. Aljani kuwa, ko iska, halitta ce dabam wadda ba ta taɓa zama mutum ba. To, a bakin Kwara, inda ruwa yakan ci mutum a kwana ana nema ba a ga gawa ba, ba wuya a ga yadda biyun suka cakuɗe. Iyalin da ba su binne ɗansu ba, zuciyarsu ba ta yarda ya tafi. Maƙwabta kuma da suka san wurin da ya nutse, ba su sake wucewa ta nan da sakin jiki.

Wanda yake son ya gane asalin wannan tsoro sai ya koma zamanin da babu gada ko ɗaya a kan Kwara. Illo tsohon gari ne. A tarihin baka na ƙasar Borgu ana lissafa ta tare da Busa da Nikki a matsayin garuruwa uku da zuriyar Kisra suka kafa. An ce Kisra ya fito daga gabas da jama'arsa ana biye da su, suka ƙetare Kwara a wajen Illo, da suka gama hayewa sai kogin ya buɗe ya yi faɗin da yake da shi yau, masu binsu suka tsaya a gaɓa suna kallo. Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan ko wane ne Kisra, wasu suna danganta sunan da sarakunan Farisa. Ko ma mene ne gaskiyarsa, labarin yana nuna yadda mutanen wurin suka ɗauki kogin tun fil azal, watau abu mai rai da yake zaɓen wanda zai bari ya wuce.

Daga arewa kuma ga ƙasar Dandi, inda sarakunan Sanwai suka ja da baya bayan sojojin Maroko sun ci su da yaƙi a 1591. Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin da Kamba ta Nijeriya duk cikin wannan yanki suke, kuma Dandawa da Zabarmawa sun daɗe suna cuɗanya da mutanen Illo ta aure da kasuwa. Su ne suka kawo labarin Harakoi Dikko, sarauniyar ruwa, wadda suka ce tana zaune a ƙarƙashin kogi kuma ita ce uwar manyan iskoki. A cikin manyan iskokin nan har da Dongo mai tsawa. Su ne kuma suke da labarin Faran Maka Bote, kakan masuntan da ake kira Sorko, waɗanda Hausawa suke ce wa Sarkawa, wanda aka ce ya yi karo da wani aljanin ruwa mai suna Zinkibaru ya ƙwace mulkin kogi daga hannunsa. Hausawa nasu suna da Sarkin Rafi a cikin iskokin bori, suna da 'yan ruwa, ga kuma Doguwa. Mai karatu ya duba kamannin macen nan ta bakin gada, doguwa, mai fararen kaya, mai jiƙaƙƙen gashi, ya gwada da waɗannan. Zai ga ba baƙuwa ba ce. Tsohuwar mai gidan ce ta hau tudu.

A wancan zamani ƙetare Kwara babban al'amari ne. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro daga Kano da Sakkwato sukan bi ta wannan yanki, kuma Illo tana cikin mashigan da aka sani. Madugu ba ya isa gaɓa ya ce a zuba jakuna cikin jirgi haka kawai. Sai an sauka an yi zango, an gai da sarki, an biya kuɗin fito, sannan Sarkin Ruwa da mutanensa su faɗi ranar da za a haye da wurin da za a bi. Su suka san inda igiyar ruwa take juyawa, da inda dorina take kiwo, da inda kada yake kwanciya. Akwai wuraren da ba a yin magana da ƙarfi, akwai lokutan da ba a shiga ruwa sam. Wasu dokokin tsafi ne tsagwaronsa, kuma malaman jihadi sun yi wa'azi a kansu. Amma da yawansu ilmin kogi ne aka naɗe cikin tsoro domin yaro da baƙo su kiyaye. In an ce wa baƙo gurbin nan yana da zurfi kamu kaza, zai iya cewa shi gwanin iyo ne. In an ce masa gidan 'yan ruwa ne, sai ya ja da baya. Saurar wannan al'ada tana nan a Argungu, inda ba a faɗa wa ruwan Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aiki.

Kogin kansa yana da wata ɗabi'a da take ƙarfafa wannan imani. A wannan yanki Kwara takan cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwan ya yi fari saboda laka. Ta biyu kuwa takan zo ne cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama. Masu ilmin ruwa sun bayyana cewa ruwan da aka yi ne a duwatsun ƙasar Gini, ya tsaya watanni yana ratsa fadamun Masina a ƙasar Mali, sannan ya iso nan a makare, ya tace ya yi duhu. To, mutumin da bai taɓa jin sunan Gini ba, ya ga kogi yana hauhawa cikin rani sama tana tas, me zai ce in ba cewa akwai masu iko a ƙarƙashinsa ba?

Sai Turawa suka zo da awo da siminti. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta yanka ƙasar Borgu biyu, aka ce iyaka za ta taɓa kogin a wani wuri mil 10 sama da tashar jiragen ruwan Illo. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka zauna wajen Ingilishi, daga baya kuma aka ɗauke Illo aka haɗa ta da masarautar Gwandu. Kafin wannan lokaci abin da Bahaushe ya sani shi ne kadarko, watau 'yan itatuwa da ake gittawa a kan ƙorama. Ita kalmar gada ma aro ce daga Turanci, daga sunan dogayen ƙarafan da ake shimfiɗawa a kan ginshiƙai. An gama gadar jirgin ƙasa ta Jebba a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, dab da wani dutse da mutanen wurin suka daɗe suna tsoro, kusa da inda jirgin ruwan Dokta Baikie ya farfashe a 1857. A sama da Illo kuma, an gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, aka ƙara ta biyu wajen ƙarshen shekarun 1980.

Gada alheri ce babba, babu mai musun wannan. Tafiyar da take cin yini ta koma ta minti biyar, mai naƙuda ta isa asibiti, buhun shinkafa ya isa kasuwa bai jiƙe ba. Amma ta zo da wani abu da ba a lura da shi ba. Ta kawar da mai fito, ta kawar da Sarkin Ruwa daga kan hanyar matafiyi, ba ta kuwa sa kowa a madadinsu ba. Da, mutum yana ƙetarewa ne a hannun wanda ya san ruwan, wanda kuma za a tuhuma in wani abu ya faru. Yanzu yana ƙetarewa shi kaɗai, cikin dare, a guje, a kan ginin da bai san wanda ya yi shi ba, bai kuma san ranar da aka duba lafiyarsa ba. Tsoron yana nan inda yake, mai lallashinsa ne ya tafi. Daɗin daɗawa, a al'adar Hausa iskoki suna son wuraren da ba nan ba ba can ba, kamar mararraba da kangon gida da bakin gari, kuma suna son lokutan da ba rana ba ba dare ba. Gada kuwa ba tudu ba ce ba ruwa ba ce. Ta Gaya ma har sai da Kotun Duniya da ke birnin Heg, a hukuncinta na 2005 kan rikicin iyakar Nijar da Benin, ta fayyace daidai inda iyakar ƙasashen biyu ta ratsa a kanta.

Akwai wani labari na gaskiya da ya dace ɗalibai su sani a nan. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ya karanci aikin injiniyan gadoji da hanyoyi, ya iso Yamai a 1941 don gina hanya. A 1942 tsawa ta faɗa ta kashe masa leburori goma a wurin aiki. Wani saurayi Basarke da yake aiki tare da shi, Damure Zika, ya ce masa wannan aikin Dongo ne, ya kuma kawo kakarsa ta yi abin da suka gada. Abin da injiniyan ya gani ran nan shi ya juya rayuwarsa. Tsakanin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu suka bi Kwara cikin kwale-kwale tun daga mafarinta har teku, suka ratsa ta wannan yanki na Illo, ya kuma ƙare rayuwarsa yana rubutu da ɗaukar sinima a kan Sarkawa da iskokinsu, har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Ba a ce ya yi imani da Dongo ba. Abin da ya gane shi ne ba a yi wa mutane aiki a kan ruwansu ba tare da an san abin da suka ɗauki ruwan ba.

Cikin dukkan camfe-camfen gada akwai guda da ya fi sauran haɗari, shi ne cewa wai babbar gada ba ta tsayawa sai an ba ruwa jini, wai 'yan kwangila sukan binne mutum a gindin ginshiƙi. Wannan magana ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yinta ba. Mutanen Girka suna da tsohon labarin gadar Arta, wadda aka ce tana rushewa kowane dare sai da babban magini ya binne matarsa a cikinta, Japanawa ma suna da irinsa. Dalilinsa a fili yake. Aikin gada aiki ne mai cin rai, lebura yakan faɗo daga sama, rami yakan rufta da mai haƙa, kuma a da ba kasafai ake sanar da iyali yadda abin ya faru ba. Inda aka ɓoye gaskiya kuwa, jita-jita ce take cike gurbin. A 2019 a ƙasar Bangladash aka baza ƙarya cewa ana neman kawunan yara don gadar kogin Padma, jama'a suka far wa baƙi da duka, aka kashe mutum takwas da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Garin kan iyaka irin Illo, wanda kullum yake cike da baƙin fuska, bai kamata ya ɗauki irin wannan magana da wasa ba.

Malaman Musulunci matsayinsu a bayyane yake. Aljanu gaskiya ne, akwai sura sukutum da sunansu a cikin Alƙur'ani, kuma ya zo a hadisi cewa a tsare yara a gida lokacin da duhu yake shigowa. Amma ran mamaci ba ya dawowa ya tsaya a bakin hanya, yana barzahu har ranar tashi. Wanda ruwa ya ci ma, hadisi ingantacce ya lissafa shi cikin shahidai, to ina shahidi ina tare motar mutane? Yanka wa ruwa dabba kuwa ko jefa masa ƙwai da kuɗi don neman tsari, malamai sun ce shirka ce. Abin da suka hori matafiyi da shi shi ne addu'ar hawa abin hawa da ambaton Allah.

Sauran abubuwan da ake ji ake gani, da yawansu suna da bayani. Ƙarfe da kankare suna buɗewa da zafin rana su tsuke da sanyin dare, shi ya sa injiniyoyi suke barin 'yar tazara a mahaɗar gada, kuma ita ce take ƙara kamar ana buga ƙofa. Ƙarƙashin gada matattarar jemagu ce da mujiya, ruwa kuma yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa, har kiɗan biki a wani ƙauye na ƙetare ya zama kamar daga gindin ginshiƙi yake fitowa. Masunta suna aiki da fitila cikin dare. Akwai ayu a cikin Kwara, dabba mai shayarwa wadda takan ɗago kai ta yi numfashi, wanda kuwa ya hange ta cikin farin wata zai rantse mutum ya gani. Ga hazon hunturu da tururin da yake tashi daga ruwa da asuba. Sannan ga direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, yana tauna goro yana faɗa da gyangyaɗi. Likitoci sun tabbatar cewa rashin barci kaɗai ya isa ya sa ido ya ga abin da babu. Kada kuma a manta wannan ƙasar kan iyaka ce. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin tudu a watan Agusta 2019, shinkafa da man fetur ba su daina tafiya cikin dare ba. Mai fasa-ƙwauri da ɗan fashi babu abin da ya fi musu daɗi kamar a ce wuri kaza ba ya biyuwa bayan lisha.

Amma kuskure ne ma'aikaci ya yi dariya ya wuce. In aka bi diddigi, gadar da ta yi suna da aljanu galibi ita ce ƙunƙuntacciya wadda mota biyu ba sa giftawa a kanta, ko wadda take bayan kwana, ko wadda dogarinta ya karye tun bara ba a gyara ba, ko wadda ruwa ya zaizaye ƙasar bakinta ya bar rami. Jama'a sun ƙidaya gawawwakin da aka kwasa a wurin, ba su da takardar rubuta rahoto, sai suka rubuta shi da fatalwa. Injiniyan Ma'aikatar Ayyuka da zai zauna a tasha ya tambayi direbobi wace gada ce ba sa son hawa da dare, zai tashi da jerin wuraren da suka fi bukatar awo. Illar kuwa ita ce in an ɗora wa iska laifi, an wanke ɗan kwangilar da ya rage siminti, da jami'in da ya sa hannu bai je ya gani ba, da mai motar da ya yi lodin da ya wuce ƙima. Ba a kai aljani gaban kwamitin bincike.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna inda haɗarin yake. A watan Satumba 2018 wata gada a kan hanyar shiga Malanbil ta rufta bayan ruwan sama mai yawa, manyan motocin da suke kai kaya Nijar suka yi cirko-cirko. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ta yanke hanyoyi da gadoji, ƙasar Bagudo tana cikin inda abin ya shafa. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa ya kife kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, tsakanin waɗanda aka tsamo gawarsu da waɗanda suka ɓace an yi asarar fiye da mutum 100, hukuma kuma ta ce jirgin tsoho ne kuma an cika masa kaya da mutane fiye da ƙarfinsa. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli 2023 kuwa, sai aka toshe gadar Gaya da Malanbil da manyan akwatunan ƙarfe, sojoji suka tsaya a kanta. 'Yan kasuwa da ɗalibai da marasa lafiya suka gangara gaɓa da kayansu a ka, suka koma biyan kuɗin fito suna shiga kwale-kwale kamar zamanin fataken goro, suna ratsa ruwan a gefen ginshiƙan gadar, akasarinsu ba tare da rigar ruwa ba.